Sha-Duka Ta Tafi Ba Ta Ce Tim Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannaye biyu da suka wayi gari babu abin duka, tsohuwar mai haɗa sauti ta gidan fim, wadda kowa ya sani da Gwaggo Tim, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki, da duk wanda ya taɓa zama gaban allo yana ƙyalƙyala dariya don an rotsa wa wani kai, rasuwar abokiyar aikinta, jakar fata mai bakin ƙarfe da ake kira Sha-Duka. Ta rasu da hantsi a tsohon ɗakin zane, a gaban shaidu da kyamara, sakamakon sukan wuƙa guda ɗaya wanda ba ita aka nufa da shi ba. Ƙirjin ƙanin mijin Gwaggo aka nufa. Mai riƙe da wuƙar kuwa ƙanin Gwaggo ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Za a zo kan wannan a inda ya dace, don ba a fara tarihin mamaci daga ranar mutuwarsa.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, wato kusan kowa, sai an yi ɗan bayani. Mutane suna cewa hoto ba ya ƙarya. Gwaggo da ƙaryar hoto ta ci abinci har ta yi furfura, saboda haka tana da ja a kan wannan magana. Duk naushin da kuka ji a fim, ba a wurin ɗaukar fim aka yi shi ba. Jarumi yana kai hannu ne ya wuce ta gefen kunnen abokin gabarsa, shi kuma ya wurga kai ya faɗi kan katifa. Fim ɗin zane kuwa, wanda yara ke ce wa katun, takarda ce da fenti, ko tari ba ta iya yi. Sai an gama komai ake kai fim wani ɗaki can baya, mara taga, wanda aka lulluɓe bangonsa da tsofaffin katifu. A haska fim a allo, mutum ya tsaya gaban makirfo yana kallo, ya yi duka daidai lokacin da duka ya sauka. In ya makara da ƙiftawar ido, a mayar da fim baya a sake. Wadda ke tsaye Gwaggo ce. Wadda ke ƙasa tana sha, marigayiya ce.

Asalinta ba 'yar fim ba ce. Jakar aikin mijin Gwaggo ce, malamin dabbobi, wanda ya yi yawo da ita gona-gona cike da allurai da kwalaben magani, har ya sayi sabuwa ya bar wa matarsa tsohuwar ta riƙa zuba littattafai, don a lokacin Gwaggo malamar makaranta ce. A shekarar ne ƙanin mijin ya buɗe gidan fim, ya naɗa kansa Darakta, sunan da har yau babu mai kiransa da wani. Ya roƙi Gwaggo ta riƙa leƙowa tana gyara masa rubutu. Ranar da ta fara leƙowa, ta tarar ya tsayar da ƙarti biyu gaban makirfo suna narkar juna da gaske. Ɗaya leɓensa ya fashe, ɗaya ya tofar da haƙori a tafin hannu yana kallonsa. Da aka kunna abin da aka naɗa, sai aka ji kamar an ajiye jiƙaƙƙen tsumma a kan tebur.

"Ku ƙara ƙarfi!" in ji Darakta. "Kai, mai haƙorin nan, ajiye shi a aljihu, ba gudu zai yi ba."

"Kai, ƙanin miji," Gwaggo ta ce daga bakin ƙofa, "kashe 'ya'yan mutane za ka yi?"

"Matar Yaya, ki tsaya daga gefe. Fasaha ake yi."

"Fasahar gidanku."

Ta ɗaga jakar ta maka ta a ƙasa don haushi. Jaka ta ce tim. Mai naɗar sauti ya zabura ya fizge abin kunnensa, ya ce, "Wa aka kashe?"

Daga ranar ƙartin nan biyu suka koma ɗaukar kaya da sauran haƙoransu, Gwaggo ta bar alli, marigayiya ta shiga aikin da ba ta bar shi ba sai da tsufa ya ƙwace.

An fitar da littattafan cikinta aka cusa tsummoki, da safa cike da jiƙaƙƙen yashi, da 'yan busassun ƙirare don ranar karya haƙarƙari. Da waɗannan 'yan hanji ta yi wa sana'a hidimar da babu jarumin da ya taɓa yi. An naushe ta. An shure ta. An zabga mata sanda, an lafta mata sarƙa, an kirɓe ta da guduma, an jefo ta daga saman tsani, an ja ta a kan tsakuwa, an danna kanta cikin baho har ta daina kumfa. Ta zama cikin ɓarawo, ta zama ƙeyar janar, ta zama gawar da aka wurgo daga bene. Akwai wani fim na yaƙi da ita kaɗai ta zama rundunar duka ɓangarorin biyu, ta mutu a nan ta tashi ta mutu a can, kafin a tashi cin abincin rana. Ba ta taɓa cewa a kawo mata ruwa ba, ba ta taɓa tambayar ko fuskarta ta fito da kyau ba.

Maganarta kaɗan ce, amma kowace kalma da inda take zama. In an same ta a ciki, tim. In an shafa mata ruwa an mare ta a kunci, tas. In guduma ta taɓa bakin ƙarfen, ƙwas, wato muƙamuƙi ya goce ke nan. In kuma an zauna a kanta a hankali bayan an gama, sai ta saki wani dogon fuuu, wanda ya zama numfashin ƙarshe na mugaye da jarumai da ba su ƙirguwa. Mata sun yi kuka a gidajen kallo saboda wannan fuuu. Gwaggo ce a kan jakar, da zaninta ɗaure a ƙugu, tana tunanin abin da za ta dafa.

Doka ɗaya ce a ɗakin, kuma ba a taɓa karya ta ba: kaifi ba ya taɓa fatar. Sukan wuƙa aikin kankana ne da kabeji, abokan aiki masu gajeren kwana, waɗanda suke zuwa da safe a fita da su da yamma a tsintsiya. Gwaggo tana cewa duka abu ne da ake warkewa, yanka kuwa ba shi da baya.

Yanzu sai a zo kan Kwaɗo, don in babu shi babu wannan sanarwa.

Da gidan ya ga fina-finan mutane suna cin rai, ga jarumai da rashin lafiyar ƙarya, sai Darakta ya ce za a koma katun, tunda zane ba ya yajin aiki. Gwaggo ta kawo ƙaninta, wanda tun yana yaro ba ya barin bango fari. Shi ne Mai Zane. Mutum ne shiru-shiru, siriri, kome aka ce masa sai ya ce "to", kuma kullum da 'yar wuƙar fiƙe fensir a aljihun gaba. Darakta ya laƙaba masa Fensir. Aka ajiye masu tebura biyu, shi da Darakta, a ɗakin zane, da benci a tsakani, a kan bencin kuwa nan Gwaggo take yada marigayiya in ta tashi aiki, a saɓe, baki buɗe, ciki a baje. Mutanen nan biyu suka yi ta zama suna neman dabbar da za ta zama tauraro. Zomo ya ƙi, biri ya ƙi. Wata rana aka ji dariya daga ɗakin, kafin yamma ga Kwaɗo a takarda: ƙaton baki, baje-bajen ciki, da fuskar wanda duniya ta gama zama a kansa. Aka haɗa shi da Shamuwa mai son cinye shi. Daga nan har ƙarshen gidan, Shamuwa tana sakar wa Kwaɗo dutse a ka, tana bin sa da mota, tana matse shi a ƙofa har ya zama faifai, shi kuma ya hura kansa ya tashi. Duk wani tim da ya sa yaro ya faɗi daga kujera don dariya, daga cikin marigayiya ya fito.

To, wa ya fara kawo Kwaɗo? Darakta yana cewa shi ya faɗa, hannun Fensir ya bi. Mai Zane bai ce kome ba. Shaida kuwa babu, ga dalili. A zamanin, in Mai Zane ya zana a takarda, wasu mata ne a dogon ɗaki suke kwafe zanen a kan wata roba mai garai-garai, su juya ta su shafa fenti ta baya, ɗaya bayan ɗaya, tuli guda don Kwaɗo ya yi tsalle ɗaya. In an ɗauki hoton robar, ba a ajiye ta. Wanke ta ake yi a wani baho a bayan gini a sake amfani da ita. Takardun kuma masu shara su kwashe. Abin da yau masana ke sa safar hannu kafin su taɓa, a lokacin da soso da sabulu ake bin sa. Kwaɗo na farko ta magudanar ruwa ya tafi, cikin kumfa kore. Abin da ya saura shi ne rubutun ƙarshen fim, inda sunan Darakta yake cika allo, na Mai Zane ya biyo a ƙasa kamar ƙuma. Matan fenti babu su. Gwaggo babu ita. Marigayiya, wadda ta fi kowa shan wuya, ba a ma maganarta.

Masu ilimi sun daɗe suna rubutu cewa katun na duka yana lalata yara. Gwaggo ta karanta da yawa daga cikin rubutun, kuma ba ta musa masu don musu kawai ba. Abin da ta gani da idonta ne ya ƙi dacewa. Ita da ta wuni tana kisa, takan koma gida hannu a saɓule, ba ta taɓa marin ɗanta ba, ko ranar da ya ƙona mata labule. Masu shara, da direba, da matan fenti, duk wanda rai ya ɓaci sai ya leƙo ɗakin baya ya ce, "Gwaggo, a ba ni aron ta," ya yi mata uku masu kyau ya koma bakin aiki yana fito. Shi kansa Darakta yakan shigo ya shure ta in fim ya ƙi. Mutum ɗaya ne a gidan bai taɓa ɗaga mata hannu ba. Shi ne ke zana dutsen da ke sauka a kan Kwaɗo, a hankali, layi bayan layi, harshe a gefen baki.

"Zo ka ɗan dake ta, ƙanena," Gwaggo takan ce. "Ba ta riƙo."

"Yaya, ni ba na fushi."

Duk ihun Darakta bai taɓa ba Gwaggo tsoro kamar wannan magana ba.

Tsufan marigayiya ya zo tare da na gidan. Kwamfuta ta shigo, aka naɗe muryarta aka zuba a ciki, aka kwafa aka sake kwafa, har yau Gwaggo takan ji tim ɗinta a fina-finan yaran da ba su taɓa ganin ta ba. Gidan ya rufe. Gwaggo ta tafi da ita gida, ta ba ta kujera guda a ɗaki, tana shafa mata mai a inda fata ta tsattsage. Hannu ɗaya ya fara saki aka ɗinke. Bakin ƙarfen ya yi tsatsa, ƙwas ɗinsa ya koma tari. Kowa ya ɗauka a kan kujerar nan za ta cika, cikin mutunci, jikoki suna hawa kanta.

Sai ga wata yarinya mai shirya fim ɗin tarihi, da mai kyamararta, suna neman waɗanda suka saura daga gidan. Yarinya ce mai ladabi da kaifin ido. Ta tara su a tsohon ɗakin zane, ta sa aka goge teburan nan biyu masu gilashi a sama, ta zaunar da Darakta da sandarsa a hagu, Mai Zane a dama, Gwaggo a benci a tsakiya da marigayiya a cinya, don ta ce tana so a nuna wa duniya yadda ake yin naushi. An yi hira mai daɗi. An yi dariyar mai haƙori a aljihu. Sannan yarinya ta juya ta ce, "Baba, a cikinku wa ya fara zana Kwaɗo?"

Mai Zane ya buɗe baki. Darakta ya riga shi, kamar kullum.

"Zanawa? 'Yata, zanawa kowa yana yi, ko mai fentin mota. Ki ce wa ya haife shi. Ni na ce, yi mini baki haka, yi mini ciki haka. Wannan hannu ne kawai, na ara. In ba shi ba, da wani ne. Ko ba haka ba, Fensir?"

Kowa ya jira "to".

"Sake faɗa," in ji Mai Zane.

"Kunnen ma ya tafi? Na ce hannu ne kai. Hannu mai kyau, ban hana ba."

Ana cewa tsufa yana sanyaya zuciya. Gwaggo tana roƙon a daina faɗin haka, ta ga abin da tsufa yake yi: ajiya yake yi. Mai Zane ya ɗauki kwalbar tawada ya jefa. Ta sami Darakta a goshi, ta fashe, baƙi da ja suka gangaro tare. Darakta ya ɗaga sanda ya sauke ta a kan girar Mai Zane, gira ta tsage. Suka miƙe, suka kama wuyan rigar juna. Tebur ya kife, gilashinsa ya tarwatse a ƙasa. Haƙoran roba na Darakta suka yi tsalle suka shige ƙarƙashin benci. Mai Zane yana kai masa naushi a ciki, a wuya, a kunne, naushin mutumin da ya zana dubbai bai taɓa yin ɗaya ba, rabi suna sauka a iska. Darakta yana cizo da dasashi, yana zagi ba a fahimta. Suka faɗi a kan gilashin suka yi birgima, tafin hannu yana yankewa, jini yana bin tsagar daɓe. Yarinya tana ihu a raba su. Mai kyamara, ɗan sana'a, bai ɗaga ido daga aikinsa ba.

Gwaggo tana cewa, "Kai! Ku ji tsoron Allah, tsofaffin banza!" Babu mai jin ta. Sai ta ga ƙaninta ya hau ruwan cikin Darakta, ya danne masa wuya da hagu, dama ta tafi aljihun gaba. Ta san aljihun. Ta san wuƙar, kullum a wase take. Ta ga hannun ya ɗaga sama, ta ga inda zai sauka, a ƙasan haƙarƙari na hagu, kuma ta ga abin da zai biyo: ɗaya a rami, ɗaya a kurkuku, ita ta raka wannan ta ziyarci wancan. Aikinta na rayuwa shi ne ta kalli hannu yana sauka ta riga shi isa da ƙiftawar ido. Ba ta yi tunani ba. Ta cilla marigayiya tsakanin wuƙa da ƙirji.

Wuƙa ta shiga ƙarƙashin bakin ƙarfe, ta nutse har ƙota. Hannun bai tsaya ba, ya ja ƙasa, ya farke ta har gindi. Tsummoki suka ɓullo, ƙirare suka zubo, safa ta fashe.

Ba ta ce kome ba. Babu tim, babu ƙwas, babu fuuu. Ita da ta yi wa mutuwar ƙarya murya tun kafin a haifi uwar yarinyar nan, da tata ta zo, ta karɓe ta shiru.

Yashi mai sanyi ya kwarara a ƙirjin Darakta. Ya dafa ya ji danshi, ya kwarma ihu. "Na mutu! Matar Yaya, ya kashe ni! Hanjina!"

"Yashi ne," in ji Gwaggo. "Tashi ka nemi haƙoranka."

Mai Zane ya dubi wuƙar, ya dubi jakar, ya dubi yayarsa. Ya sauka daga kan mutumin ya zauna cikin gilashin. "Yaya," ya ce, "na yanka ta." Sai ya fashe da kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka rufe gidan.

Magana ba ta ƙare a nan ba. Da aka ɗinke wa Darakta goshi, ya rantse sai ya ga Fensir a gaban alƙali. Ya ce shaida tana kyamara, a kawo. Gwaggo ta je ta roƙe shi da girman mijinta marigayi, ya juya mata ƙeya. Ta roƙe shi da shekarun da suka yi tare, ya ce shekarun ne suka kusa kai shi kabari. Ya sa yarinya ta kawo abin da aka ɗauka gidansa, ya tara Gwaggo da Mai Zane, ya ce kowa ya gani da idonsa kafin a miƙa wa hukuma. Mai Zane ya zo da 'yar jakar kayan sawa, a shirye yake ya wuce kurkuku daga nan.

Aka kunna. A allo sai ga tsofaffi biyu suna tangaɗi kamar masu koyon rawa. Naushi yana sauka, ba a jin sa. Sanda tana sauka, kamar an ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Babu abin da makirfo ya kama sai haki, da jan ƙafar kujera, da zagin mara haƙori. Wuƙa ta ɗaga, ta sauka, shiru. Sannan wani dattijo da tawada a fuska yana ihun hanjinsa a kan yashi. Jikar Darakta da ke leƙe ta bakin ƙofa ta tuntsire da dariya, uwarta ta ja ta.

Darakta ya shiga murza gemu irin yadda yake yi a da in fim ya ƙi.

"Wannan ba faɗa ba ne," ya ce. "Wa zai yarda da wannan? Babu nauyi. Babu kome."

Yarinya ta juya wurin Gwaggo cikin ladabi. "Kaka, gaskiyar Baba ne, wurin ya mutu. Ko za ki taimaka ki sa mana sauti? Ko sukan nan kawai."

"'Yar nan," in ji Gwaggo, "suka aikin kankana ne, je ki saya ki yi da kanki. Sauran kuwa, mai yin su ita ce waccan a ƙasa."

Yarinya ta dubi allo. Mai kyamara ya tsayar da hoton a daidai inda marigayiya take kwance bayan an janye ta: a baje, ciki a lotse, ƙaton baki a wangale, kamar wadda mota ta bi ta kai. Yarinya ta matsa kusa. Ta ɗauko hoton Kwaɗo da take yawo da shi, ta kara a gefen allo.

"Kai," ta ce a hankali. "Wannan ai Kwaɗo ne."

Darakta ya dubi allo, Mai Zane ya dubi allo, su biyun suka tuna benci ɗaya da ke tsakanin tebura biyu. Gwaggo ta gyara zama. Ta taɓa faɗa masu haka a zamanin, suna tsakiyar musun launin Shamuwa, babu wanda ya juyo.

"A yanke wurin," in ji Darakta daga ƙarshe. "Duka. Ba zan fito a fim haka ba, ko a gaban alƙali. Kai kuma, Fensir, ɗauki jakarka ka tafi gida. Ko naushi ba ka iya ba."

Mai Zane ya miƙe. "To," ya ce. Ya kai bakin ƙofa ya waiwayo. "Amma cikin Kwaɗo, ni na ƙara masa faɗi."

"Ni na ce ka ƙara!"

Gwaggo ta ɗaga yatsa ɗaya, suka yi shiru.

Ta haka marigayiya ta yi hidima biyu a ƙarshe: da jikinta ta hana kabari, da shirunta ta hana kurkuku. Masu cewa a kai ta wurin baduku ya ɗinke, an gode. An gwada. An mayar da tsummoki, an ɗinke, Gwaggo ta ɗaga hannu ta sauke. Abin da ya fito ba muryarta ba ce, wata baƙuwa ce. Gwaggo ta warware ɗinkin da kanta.

Ta rasu ta bar Gwaggo Tim, abokiyar aikinta kuma mai dukanta. Ta bar guduma, wadda tun ranar take jingine a lungu ba ta da abin yi. Ta bar ɓawon kwakwa biyu da suka yi wa dawakai kofato, da tsohuwar laima da ta yi wa Shamuwa fiffike, da falle ɗaya na kwano mai yin aradu, da wata ƙaramar ƙofa da ba ta shiga ko'ina, aikinta a buga ta. Ta bar ɗa guda, Kwaɗo, wanda maza biyu suka yi rayuwa suna musun ubansa babu wanda ya tambayi uwar. Kankana da kabeji da suka riga ta, ba a san adadinsu ba.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar da hantsi a bayan tsohon ginin, kusa da magudanar da ake wanke robar zane, don ta kwanta inda Kwaɗo na farko ya bi. Darakta da Mai Zane ne za su haƙa ramin, su ne kuma za su ɗauko ta, kowa hannu ɗaya, tunda Allah Ya yi ta da hannu biyu. Darakta ba zai ba da umarni ba. Duk mai wuƙa, ko ta fiƙe fensir ce, ya bar ta wurin mai gadi. Matan fenti da suka saura su ne a sahun gaba. A kan allon kabarin sunanta kaɗai za a rubuta, da manyan baƙaƙe, babu na kowa a ƙasa.

Ba a yarda da kyamara ba, ba a yarda da makirfo ba. Ba za a saukar da ita a hankali ba, don ba ta saba ba. Mutanen nan biyu za su ɗaga ta iya tsawon hannunsu, in Gwaggo ta gyaɗa kai su saki. Ana roƙon jama'a su riƙe tarinsu a wannan lokaci. Gwaggo tana so ta ji ko da sauran tim guda a cikinta.